Darasi: Ruwan ramin zinariya da lafiyar bisashe

Duk mai bin hanyar Tera ya ga ramukan zinariya na Komabangu da tarin ƙasar da ake zubarwa gefe. Da rani, in tabkuna sun ƙafe, 'yan kora sukan shayar da shanu a irin waɗannan ramuka. Ga abin da ke cikin ruwan.

Dutsen zinariya sau da yawa yana ɗauke da farar wuta haɗe da ƙarfe. Muddin yana binne, ba ya ɓarna. Amma in an haƙo shi an farfasa, iska da ruwan sama suka same shi, sai ya riƙa fid da tsami dangin ruwan batir. Tsamin nan shi ke narkar da dalma da sauran dafin da ke cikin dutsen, ya gangara da su rami ko fadama. Kuma abin ba ya tsayawa don masu haƙa sun tashi. Tarin ƙasar kan yi shekaru yana tsiyaya. Ga kuma zaiba da siyanir da ake zubawa wajen wanke zinariyar.

Ruwan da ya yi ja kamar tsatsa kowa ya gane shi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne garau ɗin, don dalma ba ta da kala a ruwa, tafasawa ma ba ta fid da ita. Sai farin gishirin da ke fitowa bakin rami. Saniya ta ɗauka kanwa ce, ta yi ta lasa.

Alamun dalma: dalala, cizon haƙora, makanta, tangaɗi, dabba ta kafa kai jikin itace ta tsaya. Maruƙa sun fi saurin faɗuwa. Dafin kan taru a hanta da ƙoda da ƙashi, yana kuma bin nono.

A 2010, a yankin Anka da Bukkuyum na Zamfara, ƙurar dutsen da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Agwagin ƙauyukan ne suka fara mutuwa.

Saboda haka kafin a sallama ciniki a tambayi inda garken ya yi rani. A biya ruwan rijiya ko na fanfo ko da tsada, a kuma ja kunnen 'yan kora tun daga gida. Wadda ta nuna alama a ware ta a kira likitan dabbobi. Kai wa mahauci ita a ɓoye algus ne, tunda hantar nan yaran wani za su ci.