Maƙwabta Ne Suka Fara Tono

A darasin labarin ƙasa mun koyi abin da ke kawo girgizar ƙasa. Bari mu duba wadda ta auka wa birnin Kobe na ƙasar Japan ran 17 ga Janairu, 1995. Ta zo da asuba, ƙarfe 5:46, mutane suna barci. Fiye da mutum 6,000 suka rasu.

An ƙiyasta mutum 35,000 ne gidaje suka danne. Hanyoyi sun toshe, gobara ta tashi, 'yan kwana-kwana kuwa ba su iya kaiwa kowace unguwa ba. Wajen 27,000 maƙwabta ne suka ciro su, da jak ɗin mota, da zarto, wasu da hannu kawai. Dole a yi hanzari, gama bayan kwana uku da wuya a sami mutum da rai.

Garin Hokudan, a tsibirin Awaji kusa da Kobe, ya fi ba mu mamaki. Mutanensa sun san juna ƙwarai, har ɗakin da kowace tsohuwa take kwana, don haka ba su ɓata lokaci suna tono inda ba kowa ba. Kafin ranar ta ƙare sun tono wajen mutum 300, ba wanda aka rasa inda yake.