Darasi Na 14: Sayen Babur

A da, jaki muke hawa zuwa kasuwar Daura. Yau babur ne. Daga Indiya da Sin ake kawo shi. Da naira ta faɗi a 2023, sai ya yi tsada.

Mu yi lissafi. A ce sabo naira 1,200,000 ne, kuɗi hannu. In bashi ne, 30,000 kowane mako, har mako 52. Jimla 1,560,000. Mun ƙara 360,000 ke nan. In mun kasa biya, mai shi ya karɓe abinsa.

Na hannu ya fi araha, amma araha ba ta ado. Mu je da makaniki ya saurari inji. Mu karanta takardunsa, kada mu sayi na sata.

Kada mu dangwala yatsa a takardar da ba mu karanta ba.