Hawan Dutse a Gaɓar Sifaniya: Me Ya Sa Sai da Hunturu?

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ƙanƙara da ruwan sama suke rufe duwatsun Ingila da Jamus, masu wasan hawan dutse sukan ɗauki hutu su nufi kudu maso gabashin Sifaniya, wani yanki na bakin Bahar Rum da ake kira Kosta Bilanka. A garin Kalfe akwai dutsen Ifak, wanda ya miƙe daga cikin teku har mita 332. Tun shekarar 1987 hukuma ta keɓe shi don kare tsirrai da tsuntsayensa.

Abin tambaya shi ne, me ya hana wannan yanki yin sanyi irin na sauran Turai? Amsar tana cikin teku. Kafin zafin kilo ɗaya na ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya, sai ya sha zafi kusan ninki biyar na abin da kilo ɗaya na dutse zai sha. Don haka ruwa ba ya saurin ɗumama, ba ya kuma saurin hucewa. Bahar Rum yakan tara zafin bazara, ya riƙa sakinsa sannu a hankali cikin hunturu. Shi ya sa a birnin Alikante zafin rana a watan Janairu yakan kai wajen digiri 17 a ma'aunin Salshiyas.

Dutsen ma kansa teku ne ya haife shi. Dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti. Asalinsa ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka taru a ƙarƙashin teku shekaru miliyoyi, suka daskare. Ruwan sama yana ɗauke da ɗan tsami saboda iskar kabon da ta narke a cikinsa, wannan tsami kuwa yana cin dutsen a hankali, ya bar ramuka da tsagogi. A nan mai hawa yake samun wurin sa yatsa da kafa ƙafa.

To, ai da bazara ma dutsen yana nan, don me ba a fi zuwa a lokacin ba? Domin rayuwar mai hawa, bayan igiya, ta dogara ne ga yadda fatar hannunsa take kama dutse. A watan Agusta zafi yakan haura digiri 30, gumi ya jiƙa yatsu, hannu ya riƙa santsi. Hodar magniziyam da suke shafawa tana tsotse gumi, amma tana da iyaka. Ɗumin da suke nema ke nan: wanda zai hana yatsu sandarewa, bai kuma kai na tsatso gumi ba.

Malami zai iya gwada batun teku a makaranta. A zuba yashi a kwano ɗaya, ruwa a ɗaya, nauyinsu daidai, a ajiye su a rana awa biyu, sannan a mayar da su inuwa. Ɗalibai su riƙa auna zafin kowanne bayan kowane minti 15, su rubuta.