Darasi: Ikkilisiyar da Ta Bi Samari Har Kan Ƙanƙara

Karatu: 1 Korintiyawa 9:19-23

A shekara ta 1895, shugabannin ikkilisiyoyin Baftis na baƙar fata a Halifax, ƙasar Kanada, suna neman hanyar jawo samari zuwa sujada. Maimakon tsawatawa daga mumbari kaɗai, sai suka kafa gasar hoki na kan ƙanƙara, wasan da ’yan wasa shida-shida ke kora faifan roba da sanduna. Ƙungiyoyi irin su Halifax Eurekas da Dartmouth Jubilees sun fito daga unguwanninsu.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Saboda wariyar launin fata, sau da yawa sai ƙungiyoyin fararen fata sun kammala nasu wasannin kafin a ba su fili. Duk da haka gasar ta kai wajajen 1930.

Abin koyi shi ne: wasa ƙofa ce, ba ɗaki ba. Mai horar da samari don Allah makiyayi ne; tilas ya san sunan kowane yaro, da gidansu, ya kuma neme shi ranar da bai zo ba.

Tambaya: Ina samarinmu suke taruwa yau? Wa zai sa kai ya je wurinsu?