Al'adu Huɗu da Ke Riƙe Gayya

Kowa ya san damina a Damargu gajeriya ce. Daga Tanut zuwa Belbeji, ruwa yakan zauna a watan Yuli, kafin Satumba ya ƙare ya ɗauke. Wanda ciyawa ta riga shi a noman fari ya yi hasarar shekara. Domin haka kakanninmu suka riƙe gayya, har ƙasarmu ta yi suna wajen gero, ayarin Abzin suna zuwa awo da raƙuma.

Yau samari da yawa suna tafiya ci-rani Agadas ko Libiya. Mai kuɗi yana ɗaukar 'yan ƙwadago. To, gonar tsoho da ta matar da mijinta ya rasu fa, wa zai nome su? Bari mu duba abin da ya ke riƙe gayya, gama yawan hauya kaɗai ba ya isa. Akwai ƙananan al'adu da a ke maimaitawa kowane lokaci.

1. Kira. Mai gona yakan taka da ƙafarsa gida gida, da goro a hannu. Wanda aka girmama da kira, da wuya ya ƙi zuwa.

2. Gaisuwa. Kafin a sa hauya a ƙasa, shugaba yakan gai da kowa, ya tambayi lafiyar gida. A nan zai gane wanda ya kwana da zazzaɓi, ya rage masa aiki.

3. Jeri ɗaya. Kowa yana tsaye kafaɗa da kafaɗa, makaɗi yana buga ganga yana yi wa mai ƙwazo kirari. Wanda ya kai bakin gona yakan juyo ya tarye na baya. Shugaba yana cikin jerin, ba ya zama a inuwa.

4. Ci tare da godiya. Da hantsi mata sukan kawo fura, babba da yaro su sha a ƙwarya ɗaya. Kafin a watse, mai gona ya yi wa kowa sannu da aiki, a kuma sa ranar gayya ta gaba.

A zamanin Shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta ta da samariya, samari suka gina azuzuwan makaranta a garuruwa da yawa. Da zamani ya juya, wannan tsari ya yi sanyi. Aikin da umurni ya haɗa yakan watse sa'ad da mai umurni ya tafi. Wanda zumunci ya haɗa shi ne ke daɗewa.

Kai maigida, kai shugaban bankin cimaka, ke shugabar adashe, darasin nan naku ne. Ku zaɓi al'ada ɗaya, ku fara yinta da kanku, kada ku fasa ko sau ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin iyali:
Wace al'ada cikin huɗun nan ta ɓace a garinku?
Yaushe rabonka da yi wa 'ya'yanka sannu da aiki a gandu?
Gonar wa za ku fara nomewa bana, wanda ba shi da mai taimako?