Tsohuwar Taswira Ba Shara Ba Ce

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen safiyo, ga abin da na koya daga tsohuwar taswirar tsaunukan Udi da ke kusa da Inugu, inda aka gano kwal a 1909. Na fara da ma'auni: 1:50,000, wato santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Sai layukan tsayin ƙasa: inda suka matsu, gangare ne mai tsauri, kuma a jikinsa aka huda ramukan kwal. Daji kan rufe bakin rami, amma ramin na nan. To, kafin ka auna fili a irin wannan wuri, ɗora tsohuwar taswira kan sabuwa, kada ka sa bawan Allah ya yi gini kan rami!