Shaho Mai Kwanci da Masu Hawan Dutse

Shahon da masana ke kira Falco peregrinus ba ya saƙa sheƙa. Macen takan share ɗan gurbi cikin tsakuwa a gefen dutse mai tsawo, ta sa ƙwai uku ko huɗu, a yi kwanci kusan kwana 33. Bayan ƙyanƙyasa kuma, sai 'ya'yan sun yi mako shida kafin su iya tashi.

A wannan tsakani ne masu yawon hawan duwatsu ke zame masa bala'i, ko da ba su taɓa kome ba. Da uwa ta hango mutum kusa, musamman ta samanta, sai ta tashi tana kuka tana kai bara. Muddin tana sama, ƙwai na shan sanyi ko zafin rana, hankaka kuma na iya samun sarari. In 'ya'yan sun ɗan tasa, firgita kan sa su faɗo tun fukafukansu ba su yi ƙwari ba. Abin takaici, mai hawan yakan wuce bai san ɓarnar da ya yi ba.

Wannan tsuntsu dai ya sha wuya. Maganin ƙwari na DDT ya sa ɓawon ƙwansa ya yi rauni, har ya kusa ƙarewa a Amurka kafin a hana maganin a 1972. A gandun Akadiya da ke jihar Maine, sai a 1991 ya sake ƙyanƙyasa. Shi ya sa hukumar gandun kan rufe hanyoyin da ke kusa da gurbinsa tun daga watan Maris, ba ta buɗewa sai 'ya'yan sun tashi.